Shin maganin bairas zai iya tsayar da cutar MS?

Ɗalibar likitanci: Assalamu alaikum. Ni dai a ganina magana ta ƙare. Bairas ɗin Epstein-Barr ne ke haddasa MS (multiple sclerosis), cutar da ke cinye rufin jijiyoyi, don haka a ba masu ita maganin bairas a huta. A 2022 masana na Harvard sun fitar da binciken da suka yi kan sojojin Amurka sama da miliyan 10: wanda bairas ɗin ya kama, haɗarinsa na MS ya ninka sau 32. Me ake jira?

Mai harhaɗa magani: Wa'alaikumus salam. Ƙanwata, kin yi gaggawa. Tun shekarun 1990 aka gwada maganin bairas acyclovir a kan masu MS, daga baya valacyclovir, ba su taɓuka abin kirki ba. Waɗannan sai bairas na hayayyafa suke kama shi. Shi kuwa wannan lafewa yake yi cikin ƙwayoyin B na garkuwar jiki har ƙarshen rayuwar mutum.

Ɗalibar likitanci: To tenofovir fa, Yaya? Na masu HIV. A ɗakin gwaji ya hana bairas ɗin kwafar kansa.

Mai harhaɗa magani: Da bakinki kika ce ɗakin gwaji. Rahoton mutum ɗaya ko biyu da suka ji sauƙi ba hujja ba ne, tunda MS dama tana lafawa ta dawo da kanta.

Likitan jijiyoyi: Ku dakata, duk kun tsallake tushen rigimar. Kusan kashi 95 cikin 100 na manya suna ɗauke da bairas ɗin nan, amma ƙalilan ne ke samun MS. Tambayar ita ce: kunna wutar ya yi ya koma gefe, ko har yanzu shi ke hura ta? A 2022 ɗin dai, masana na Stanford sun nuna garkuwar da ke farautar furotin EBNA1 na bairas kan rikice ta afka wa furotin GlialCAM na ƙwaƙwalwa, saboda kamanni. In haka ne, ba da maganin bairas bayan cuta ta kankama ihu ne bayan hari.

Ɗalibar likitanci: Amma Likita, maganin MS ɗin nan ocrelizumab ƙwayoyin B yake sharewa, maɓoyar bairas ɗin ke nan, kuma yana aiki sosai.

Likitan jijiyoyi: Yana aiki, amma ƙwayoyin B na da nasu hannun a kumburi ko ba bairas. Kuma maganin ATA188, da aka ƙera musamman don farautar ƙwayoyin da bairas ɗin ke ciki, bai cim ma burinsa ba a gwajin 2023.

Ɗalibar likitanci: Ai waɗanda cutar ta riga ta yi nisa aka ba shi. Ban sauka ba, sai an gwada a sababbin kamu.