Neman shawara kan gyaran farfajiyar ɗakina na gona

Mai Gona a Giwa:
Assalamu alaikum. Ina da wani ɗan ɗaki mai rufin kwano a gonata da ke kusa da Giwa, inda nake kwana a lokacin shuka da girbi. Gabansa fili ne fetal babu inuwa, kuma da zarar ruwa ya sauka sai ƙofar ɗakin ta zama taɓo. Ina so in kafa rumfa da hannuna, in kuma yi 'yan shuke-shuke, amma wadda na kafa bara gara ta cinye ginshiƙanta tun kafin kaka. Da me ya kamata in fara?

Tsohon Magini:
Wa alaikumus salam. Malam, ka fara da ruwan, domin duk abin da aka kafa a inda ruwa ke kwanciya ba ya ƙarko. Ranar da ake ruwa ka tsaya a bakin ƙofa ka lura da inda yake gangarawa, sannan ka cike gaban ɗakin da marmara, ka ɗan karkatar da ita zuwa can, ka kuma tona 'yar magudana daidai inda ruwan kwano ke zuba, ka cika ta da tsakuwa.

Game da ginshiƙai kuwa, ka nemi azarar giginya, wadda gara ba ta cika iya mata ba. Idan ba ta samu ba, ka babbake gindin itacen da kake da shi, ka shafe shi da baƙin mai, ka tona rami mai zurfin kamar santimita 60. Kwaɓin kankaren da za ka cike ramin da shi bayan ka kafa itacen shi ne kwano 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa, kuma ka bar shi ya ɗan taso sama da ƙasa don kada danshi ya riƙa taɓa itacen. Ni dai da zana zan rufe ta, saboda rumfar kwano a watan Afrilu tanda ce kawai.

Uwar Lambu:
Ɗan'uwa, kada ka dasa komai sai ka yi shinge, domin da an gama girbi ana sakin awaki, kuma a yini guda za su aske maka aikin wata uku. Bini da zugu yana kamawa daga reshe kuma dabbobi ba sa cin sa, sai dai 'ya'yansa guba ne, don haka a kula da yara. A cikin shingen ka jera zogale, ka riƙa datse kansa daidai ƙirji don ya yi rassa, kuma takin da za ka zuba ya kasance ruɓaɓɓe, saboda ɗanyen kashin kaji yana ƙone dashe. Mangwaro kuma ka nisanta shi da ginin sosai.

Bazazzagi:
Ina tare da Baba Magini, sai dai ina da ja a kan baƙin mai idan kusa da wurin za a shuka abin miya, domin yana ɓata ƙasa. Ƙasan rumfar ma ba lallai sai siminti ba. Iyayenmu mata daɓe suke yi, su bubbuge tsakuwa da madaɓi suna yayyafa ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon 'ya'yan ɗorawa, har ya yi tauri da sheƙi, kuma ƙafa tana jin sanyinsa ko da rana tsaka.

Mai Gona a Giwa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Akwai ɗorawa biyu a iyakar gonar, saboda haka makuba ba za ta yi wuya ba. Marmarar zan fara jidowa da amalanke a makon nan, kafin ruwa ya kankama.