Ayon ɗina sama yake tashi kamar shirwa, ba ya cin nisa, mi ne mafita?

Ɗan Argungu:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu buga golf ku taimaka min da shawara. Shekara biyu ke nan da na fara, a Abuja nake aiki can nake bugawa, in na zo gida hutu kuma akwai wani fili bayan gari kan hanyar Birnin Kebbi nan nake zuwa da yamma in yi ta gwaji ni kaɗai yara suna tsinto min ƙwallo. Matsalata ayon, wato sandunan bugu masu kan ƙarfe da ake ba lamba, musamman lamba 7 da 8. Ina bugawa ƙwallon sai ta miƙe sama sosai ta tsaya kamar an rataye ta sannan ta faɗo, ayon 7 da kyar nake kai yadi 120 alhali abokan wasana da ba su fi ni ƙarfi ba suna kai 150. Yanzu da iskar hunturu ta taso abin ya ƙara lalacewa, jiya na buga iska na fuskantata ina kallo ƙwallon ta dawo baya kafin ta sauka, wallahi raina ya ɓaci. Sandunan na hannu ne na saya, shaf ɗin, wato jikin sandar daga mariƙi zuwa kai, na girafait ne marar nauyi, regila wato mai matsakaicin lanƙwasa. Sanda zan canza ko ni ne da laifi?

Baban Hajara Gusau:
Wa alaikumussalam ƙanena. Kada ka yi gaggawar kashe kuɗi tukuna. Abin da ka kwatanta na sha ganinshi, ni ma da shi na fara lokacin ina Kaduna. Kana ƙoƙarin ɗebo ƙwallon ne daga ƙasa kamar mai ɗiban fura da ludayi, wuyan hannunka yana karyewa kafin sanda ta kai ga ƙwallo, sai kan sandar ya riga hannuwanka wucewa. Fuskar ayon 7 an riga an kwantar da ita wajen digiri 34 a tsofaffin sanduna, ita za ta ɗaga ƙwallo ba kai ba. In ka karya hannu ka ƙara mata kwanciya, ayon 7 ɗinka ya koma kamar ayon 9 da ya fi tashi sama bai kai shi nisa ba, to ina nisa zai fito? Lokacin da ƙarfe zai taɓa ƙwallo hannuwanka su kasance gaba kaɗan, wajen cinyarka ta hagu in kai badame ne, nauyin jikinka kuma ya riga ya koma ƙafar hagu. Da yawa nan suke faɗuwa, suna gama bugu suna tsaye kan ƙafar dama jiki ya kwanta baya.
Ga gwajin da wani tsohon kadi, mai ɗaukar ma 'yan wasa jakar sanduna, ya koya min. Shimfiɗa tawul ƙasa bayan ƙwallo kamar faɗin tafin hannu, ka buga. In ka kwashe tawul ɗin to ƙasa ka fara sara kafin ƙwallo. Ranar farko sau goma na jefar da tawul ɗin nan, cikin sati biyu sai ga saran sandata yana fitowa gaban inda ƙwallon take, sautin ma ya canza ya zama ƙwas mai daɗi. Kuma duba inda kake aje ƙwallon, ga ayon 7 tsakiyar ƙafafu ko gaba kaɗan, ba kusa da ƙafar hagu ba kamar in za ka yi bugu da direba, doguwar sandar nan ta bugun farko.

Injiniya Yauri:
Alhaji maganarka gaskiya ce amma kada mu wanke sandar gaba ɗaya. Ya ce girafait regila kuma na hannu, wa ya san mai ita na farko, wata ƙila dattijo ne da aka haɗa ma shaf mai laushi. Matashi mai saurin hannu in ya riƙe shaf marar nauyi mai lanƙwasa daga ƙasa dole ta riƙa cilla ƙwallo sama. Ɗan'uwa ka ari ayon 7 mai shaf na ƙarfe sitif, wato mai tauri, wurin abokinka ka buga ƙwallo goma da shi goma da naka, wuri ɗaya rana ɗaya. In ka ga bambanci to shaf na da hannu. Sababbin sanduna ma da yawa ayon 7 ɗinsu digiri 30 ne ko ƙasa da haka, shi ya sa kwatanta nisanka da na abokai ba koyaushe yake adalci ba. Ana iya danne fuskar da digiri 1 ko 2 amma a wurin mai injin aikin, kada ka kai ma mai walda a kasuwa, wasu kawunan karyewa suke yi.

Baban Hajara Gusau:
Na yarda Injiniya, sai dai mai ɗiban ludayi ko sandar zinari ka ba shi sama zai tura. Ya gyara hannu tukuna sannan a auna shi a ga sandar da ta dace da shi.
Na manta batun iska. Ƙanena in iska na fuskantarka kada ka ƙara ƙarfi, ƙarfin ne ke ƙara ma ƙwallo juyi ta baya sai iska ta shiga ƙarƙashinta ta ɗaga ta. Ɗauki ayon 6 ko ma 5 a wurin 7, matso da ƙwallo baya kaɗan, sauko da riƙon sandar ƙasa kamar inci ɗaya, ka yi bugun kashi uku cikin huɗu ka tsaida hannu daidai ƙirji. Za ta tafi ƙasa ƙasa ta ratsa iskar.

Ɗan Argungu:
Allah ya saka da alheri Baba, Injiniya na gode. Yau bayan la'asar na je da tawul, na sa ɗan yayana ya ɗauke ni bidiyo da waya daga gefe. Ashe kuwa ina gamawa ƙafar hagu ce ke tashi, jikina duk yana baya, tawul kam ya sha duka. Wajen ƙwallo ta talatin na samu guda uku da suka fita ƙasa ƙasa suka wuce bishiyar darbejiyar da ban taɓa kaiwa ba. Sai dai ƙasar filin nan tauri gare ta kamar daɓe, wuyan hannuna na hagu yana ɗan ciwo yanzu. Baba ko in nemi tabarmar roba in riƙa bugawa a kai kafin in koma Abuja?