Neman kalma: me za mu kira sanwici da Hausa?

1/ Malamai da 'yan uwa, ku taya ni. Ina rubuta labarin zuwana Fulorans ta ƙasar Italiya, sai kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya. Akwai wani ɗan shago a tsohon gari, I Due Fratellini, da yake sayar da abin nan tun 1875. Faɗinsa bai wuce ƙofar zaure ba. Babu kujera, a tsaye ake ci a bakin titi, kuɗinsa 'yan yuro kaɗan. To me zan ce na ci?

2/ Fassara dai ba za ta yiwu ba, don Sandwich sunan gari ne a Ingila. John Montagu, basaraken da ke riƙe da sarautar garin a ƙarni na 18, shi aka ce yana sa a saka masa nama tsakanin burodi don kada ya tashi daga teburin caca. Su Italiyawa nasu suke faɗa, panino, wato ɗan ƙaramin burodi.

3/ Yayata ta ce "haɗin burodi". Yaya, ki yi haƙuri, mai gidan burodi zai ɗauka kwaɓin fulawa ake nufi. Wani malamina ya kawo "burodi mai ciki". Allah ya gafarta Malam, wannan kam sai an tambayi wata nawa ne.

4/ Wanda ya ce gurasa bandashe ce tamu, na ji daɗin tunawar, amma ita a kanta ake barbaɗa ƙuli-ƙuli da mai. Wannan kuwa tsaga shi ake yi a cusa abu a ciki, kamar yadda mai shayi ke yi da soyayyen ƙwai.

5/ Abin da ya ƙara nuna mini haka shi ne lampredotto, abincin talakan Fulorans da ake sayarwa a 'yan rumfunan bakin kasuwa. Tumbin saniya ne, ciki na huɗu, a dafa shi da albasa da tumatir har ya yi laushi, a yayyanka, a danna cikin burodi, a zuba koren miya mai tafarnuwa, sannan a tsoma murfin burodin cikin romo. Bahaushe ya gani zai rantse ɗan uwan farfesun kayan ciki ne. A sauran shagunan dai sai ka tambaya, naman alade ya yi yawa. Ni na cuku da tumatir na ci a shagon I Due Fratellini ɗin.

6/ Don haka na tsaya a kan "burodin cushe". Na san cushe ya yi ƙaurin suna wajen ɗaukar ma'aikata, amma gwada shi a baki: "Ba ni burodin cushe biyu, ɗaya na tumbi, ɗaya na ƙwai." Shi zan sa a labarin, sai in 'yan uwa na Damagaram da Maraɗi suna da wanda ya fi shi.