Shekara 16 ina riƙe da alli, yanzu ina son komawa digiri na biyu a fasahar koyarwa. Ku ba ni shawara

Malamar Bayoloji:
Assalamu alaikum 'yan uwa malamai. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, abin ne ya hana ni barci. Shekarata 16 ina koyar da bayoloji a sakandare. Lokacin korona a 2020 da aka rufe makarantu, ni na buɗe wa 'yan ajin ƙarshe zaure a WhatsApp. Sai yarana sun yi barci nake naɗar murya, in zana zuciya da ƙoda a takarda, in ɗauki hoto in tura. Babu wanda ya sa ni, babu wanda ya saya mini data, ko sannu ban samu ba. Bara aka kawo mana kwamfutoci da majigi, aka ce za a naɗa wanda zai kula da koyarwa da na'ura. Sai aka ɗauko wani yaro da bai cika shekara uku da fara aiki ba, wanda ni na zaunar da shi na nuna masa yadda ake rubuta tsarin darasi, aka ba shi. Wai yana da takarda. A taron malamai majigi ya ƙi kama mini, ya taso a gaban kowa ya ce "Malama, kawo in taya ki." Wallahi har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Shi ya sa nake son komawa digiri na biyu a fasahar koyarwa. Amma rabona da zama jarrabawa ya daɗe, kuma a kwamfuta daga Word sai PowerPoint. Akwai maganar gida ma, amma a bar wannan. In shiga ko in haƙura?

Tsohon Alli:
Wa alaikumus salam. Malama, ku har an bar ku kun taɓa majigin? Mu namu kwamfutocin suna cikin sito a kwalayensu, makulli na aljihun shugaban makaranta, wai kada yara su lalata. Sai baƙi za su zo ake fito da su a jera, a ɗauki hoto, a mayar. Yanzu rabinsu batir ya mutu. Ki yi digiri goma, in ba wuta ba makulli, allon nan dai za ki koma.

Mai Digiri Biyu:
Malama, ni na yi kwas ɗin nan, don haka ki saurare ni da kyau. Kuskurenki na farko, kin ɗauka makarantar koyon kwamfuta ce. Ba ita ba ce. Za ki iya gamawa da sakamako mai kyau majigi ya sake ƙin kama miki. Abin da ake karantawa shi ne yadda mutum yake koyo, da yadda ake tsara darasi ya dace da hakan. Za a fara miki tun daga B. F. Skinner na jami'ar Harvard da injin koyarwarsa na shekarun 1950, mai ba yaro tambaya ɗaya, ya amsa, ya ga ko ya dace, sannan ya wuce. Za ki haddace matakan ADDIE guda biyar: nazarin buƙata, tsarawa, haɗa kayan darasi, aiwatarwa, sai auna sakamako. Za ki haɗu da gardamar Richard Clark, wanda ya ce a 1983 na'ura kamar motar dakon kaya take, kai kaya kawai take yi, ba ta canza abin da aka loda mata. Robert Kozma ya ƙalubalance shi, har yau ba a gama ba.

Inda za ki ji daɗi shi ne tsarin TPACK na Mishra da Koehler, na 2006. Sun ce malami na buƙatar sani uku a haɗe: darasin kansa, dabarar koyar da shi, da na'ura. Biyu na farko kin riga kin tara su shekara 16. Yaron naku na ukun kawai yake da shi. Ki shiga, ba shawara ba ce ma, umarni ne. Abin da zai ba ki wuya ƙididdiga ce da SPSS, manhajar kwamfuta ta nazarin alƙaluman bincike, ki fara tun yanzu.

Ɗan Zamani:
Ranka ya daɗe, duk wannan tarihi ne. Anti, kada ki ɓata shekara biyu. ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022, yanzu ɗalibanki da shi suke yin aikin gida, manhajar jami'a kuwa kafin a sabunta ta an yi wata uku na'urar ta canza sau biyu. Ga manhajojin koyarwa ta intanet: Moodle kyauta ce tun 2002, Google Classroom ma tana nan tun 2014. Ki zauna wata uku ki koye su, ki ɗauki gajeren kwas a shafin kwasa-kwasan intanet na Coursera, Google ma na ba malamai takardar shaida. Kin wuce wurin.

Mai Digiri Biyu:
Ƙanena, irin wannan tunanin ne ya sa ake zubar da dukiya. Je ka duba ƙasar Peru. Gwamnati ta raba wa yara ɗaruruwan dubban kwamfutoci a shirin kowane yaro da kwamfutarsa, wanda Nicholas Negroponte ya fito da shi a 2005. Da bankin raya ƙasashen nahiyar Amurka ya fitar da bincikensa a 2012, bai ga ƙari a makin lissafi da na karatu ba. Na'ura ta isa hannu, tsarin koyarwa bai isa ba. Danna maɓalli kowa zai koya. Kuma wace hukuma ce za ta ƙara wa Malama girma da satifiket ɗin wata uku?

Uwar Biyu:
Yaya, ni ba zan ce kada ki je ba, amma ki ji nawa. Darussan aji na gama su a zango uku lafiya lau. Kundin bincike ne ya tsayar da ni. Malamin da ke duba aikina babi ɗaya sai ya yi wata huɗu a teburinsa, in na kira ya ce yana taro. Sau uku ana canza mini take. Yanzu shekara ta huɗu ke nan, 'yar da na shiga da cikinta ta fara makaranta. Kuma ba ki gaya mana ba, an ba ki hutun ƙaro karatu ko haɗawa za ki yi da aiki? Maigidan ya amince?

Malamar Bayoloji:
Na gode duka. Amma Mai Digiri Biyu, ban ce na ɗauka makarantar kwamfuta ba ce, na karanta jerin darussan kafin in yi magana. Ɗan Zamani kuma, wanda ya koyar da 'yan ajin ƙarshe ta waya ba tare da kowa ya nuna masa ba, ba za a ce masa bai san zamani ba. Uwar Biyu, maganar gida na ce a bar ta. Hutun kuma ban nema ba tukuna, don na san wanda zai sa hannu.

Baba Sufeto:
'Yata, na karanta rubutunki sau biyu. Layi nawa kika yi a kan yaron nan, layi nawa a kan ɗalibanki? In don shi za ki koma, kafin ki gama ƙila an yi masa canjin wurin aiki, ke kuma kina nan da ƙididdiga. In karatun ne ya kama ki, me ya hana ki yi a koyar da kimiyya, inda ƙafarki ta riga ta kafu?

Malamar Bayoloji:
Baba, da girmanka, ba don shi ba ne. Misali kawai na kawo. Tun 2020 abin yake raina. Kuma in na yi a kimiyya, gobe a sake kawo kaya a sake ba wani.

Mai Digiri Biyu:
Baba ya yi magana irin ta manya amma a nan bai dace ba. Malama, taken bincikenki ma ga shi a hannunki: darasi ta saƙon murya da tasirinsa a kan makin bayoloji. Aji biyu, jarrabawa kafin da bayan, shi ke nan. Ki cike fom kawai.

Uwar Biyu:
Haka ni ma aka ce mini, "shi ke nan."

Tsohon Alli:
Wai a cikinku akwai wanda ya san ko batirin kwamfutar da ta shekara biyu a kwali yana tashi?

Malamar Bayoloji:
Saƙonnin muryar ma wayar da suke ciki ta faɗa ruwa tuntuni. Fom ɗin yana buɗe a gabana, sun ce a kawo wasiƙa daga malamai biyu da suka koyar da ni a jami'a. Ɗaya ya rasu, ɗayan ban san ko zai tuna ni ba. Wasiƙar shugaban makaranta tana shiga a madadinsu?