Shin kansila yana da wani aiki banda zaman taro?

Maman Ummi: Assalamu alaikum jama'ar unguwa. Ni dai na faɗa, kuma ina nan kan bakata: kansila ba ya aikin komai sai zaman taro da karɓar alawus. Kwatar layinmu ta toshe tun farkon damina, ruwa yana shiga har cikin ɗaki. Duk wanda ya je wurinsa sai a ce yana mitin.

Malam (tsohon malamin firamare): Wa alaikumus salam. Hajiya, a yi haƙuri, amma wannan zaman shi ne aikin da muka zaɓe shi ya yi. Kuɗi da kwangila suna hannun ciyaman. Kansiloli su ne majalisa: ciyaman ya kawo kasafin kuɗi, kwamiti ya bi shi layi-layi, ya kira shugabannin sassa su yi bayani, sannan a amince. Kwatar nan in ba ta shiga kasafi a wannan zaman ba, ko kansila ya zo da shebur da kansa ba za ta gyaru ba.

Mai Shago: Malam, da girmanka, a takarda ne haka. Nan Abuja ƙananan hukumomi 6 ne, kansiloli 62. A 2025 malaman firamare suka shafe sama da wata uku suna yajin aiki kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, yaranmu suna gida. Ina kwamitocin ilimi suke a lokacin?

Malam: Wannan tambayar ta zauna, kuma ta fi min ciwo fiye da kowa a nan. Amma ka ga ita ce ke nuna zaman yana da amfani. Da kwamiti ya tsare ciyaman tun wurin kasafi, ya ce a nuna masa kuɗin albashi, da ba a kai nan ba.

Maman Ummi: To ai maganata ke nan, Malam. Ana zama, ba a tsare kowa.

Kawu Direba: Mu ma da namu laifin. Suna, biki, kuɗin asibiti, duk ƙofar kansila muke bugawa tun asuba. Wanda ya raba albashinsa kafin rabin wata, dole ya lallaɓa ciyaman. Ta yaya zai ɗaga masa murya a majalisa?

Mai Shago: Kawu, ba mu muka tilasta masa tsayawa takara ba. Kuma tun Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Kasuwa, tasha, kwashe shara, maƙabarta, duk tsarin mulki ya ɗora musu. Ni haraji nake biya a shagona, ina da haƙƙin sanin wane kwamiti kansilanmu yake ciki da abin da ya faɗa a can.

Malam: Na yarda da wannan. A rubuta masa takarda da sunan unguwa, mai unguwa ya sa hannu, a nemi ranar zaman kasafi da kwafin abin da aka ware wa mazaɓarmu.

Maman Ummi: A sa kwatarmu a layin farko. Ni zan bi matan layinmu gida-gida su sa hannu.