Abin da masu ƙananan sana'o'i suka tsayar a zamansu

Maganar rance ce ta fi cin lokaci. Shawarar ita ce a raba kuɗin sana'a da na aljihu, a riƙa rubuta shige da fice kullum, domin banki sai ya ga lissafi yake sakin kuɗi. Kan haraji kuwa, an ce koken mutum ɗaya ba ya zuwa ko'ina. Gara ƙungiya ta tunkari hukuma a rubuce, ta nuna inda ake karɓa sau biyu, ta faɗi gyaran da take nema. A ganina nan aka fi kasala. Taimakon al'umma a gurguje aka taɓo shi, inda mafi yawa suka zaɓi ɗaukar matasa koyon sana'a maimakon rabon kuɗi.