Wa ya taɓa girki da sanaubar?

Uwargida daga Agege:
Assalamu alaikum. Maigida ya dawo daga Dubai da 'yar leda, gram 100, ta wata farar ƙwaya mai kama da shinkafa mai ƙiba, wai sanaubar, ƙwayar itacen da Turawa ke kira pine. Ya ake sarrafa ta? Kar in ɓata abin tsada.

Tsohon kuku, Obalende:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Na daɗe ina girki a gidan wasu 'yan Labanan a Apapa, can na san ta. A soya ta da man shanu kaɗan, wuta ƙasa-ƙasa, cokali kada ya bar hannu. Da ta yi ja a juye a faranti nan take, don zafin kaskon kaɗai ya isa ya ƙona ta. Sai a barbaɗa a kan shinkafa da niƙaƙƙen nama, ko a cusa cikin kibbe, curin niƙaƙƙen nama da alkama na 'yan Labanan. Ranar farko na juya ɗaukar gishiri kawai, na tarar ta yi baƙi ƙirin. Madam ta kwana 2 ba ta amsa gaisuwata.

Wata daga Idi-Araba:
Ni dai ta ba ni wuya. Na ci a wata walima a Ikoyi, bayan kwana 2 komai na sa a baki ɗaci, kamar na tsotsi ƙarfe. Shayi ɗaci, tuwo ɗaci, har ruwa. Na ɗauka shawara ce, na tayar wa gida hankali. Sai da na kusa sati 2 ya tafi da kansa. Ashe sanannen abu ne, ana danganta shi da wani iri ƙanana da ake kawowa daga Sin.

Uwargida daga Agege:
Subhanallah, Anti! Tawa dogaye ce, Allah ya sa ba irinta ba ce.

Ɗalibar koyon girki, Yaba:
Ki sa ta a firiza yau. Kusan kashi 2 cikin 3 nata mai ne, zafin Legas ba ya raga mata. Tawa a kabad na bari, ta yi warin tsohon mai. Yanzu in zan yi pesto, miyar 'yan Italiya ta ganye da tafarnuwa da man zaitun da cuku, kashu nake sawa a madadin sanaubar, ganyen kuma ɗoɗɗoya.

Tsohon kuku, Obalende:
Kashu ya yi, 'yata, amma ki rage ɗoɗɗoyar. Tamu ta fi ta 'yan Italiya ƙarfi, sai ta danne komai.